Idon da Ya Rage Mini

Da sunan Allah Mai rahama. Sallama a gare ka, Autana Nasiru, da fatan ka sauka Kano lafiya, ƙafa ta huta, ciki ya samu abin taɓawa. Allah ya tsare hanyar da ka bi da wadda za ka bi nan gaba, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin mutum da na ƙarfe. Mu nan Azare sai godiya.

Na san za ka yi mamakin tsintar takarda a ƙasan jaka, ƙarƙashin ledar dambun nama. Ni na sa matarka Hadiza ta cusa ta. Da na zaunar da kai na faɗa maka da baki, da ka yi ta "to Inna, to Inna" kana kallon ƙofa, yadda ka saba tun kana yaro. Rubutun ya karkace, ka yi haƙuri, karatun yaƙi da jahilci ne, hannun kuma ya daɗe bai riƙe biro ba.

Na ji sanyi a raina da ka yarda ka tafi, wallahi na ji sanyi. Tun da aka sa sunanka cikin masu zuwa koyon gyaran keke napep mai caji, gidan nan bai huta da ƙorafinka ba. Ina daga ɗaki na ji kana ce wa Hadiza, "Ni da kunne nake gyara inji. Keke in ta yi tari daga bakin titi na san ciwonta kafin a tsaya da ita. Wannan ta cajin ko tari ba ta yi, sai an jona mata kwamfuta. Ina da yara a ƙarƙashina a gareji, in koma ɗan koyo, ƙanen bayana yana nuna min waya?" Da na ji haka na damu, don murya taka ce amma magana tawa ce. Taurin kan nan ba a wurin marigayi babanku ka samo shi ba, bawan Allah, shi da ko akuya ba ya iya yi wa musu. A nono ka sha. Shi ya sa zan gaya maka abin da taurin kai ya ci mini, har da ɓangaren da na ɓoye muku.

Ka san da ɗinkin hula na riƙe ku tun rasuwar babanku, mai ɗinkin hula kuwa idonta ne jarinta. Lokacin da yanar ido ta fara rufe min gani, sai na riƙa ganin kamar hayaƙin murhu ne ya ƙi fita daga ɗaki. Zura zare a kafar allura, abin da nake yi ina hira, ya koma sai na fito tsakar gida ina lalube ina tsaki. Kuka ce a je asibiti, an kawo na'urar da ake cire yanar da ita a sa wani ɗan gilashi a cikin idon. Na ce Allah ya kiyaye. Na riga na ji a wani gidan suna cewa ƙwaƙule idon suke yi, su ajiye a faranti su wanke, sannan su mayar, wani lokaci ma a karkace. Matar da ta ba da labarin nan ba ta taɓa taka ɓangaren ido na asibitin ba. Duk da haka na riƙe maganarta gam, saboda ta yi daidai da abin da nake so in ji.

Ka lura da wannan, Auta. In mutum yana tsoron abu, duk wanda ya zagi abin sai ya zama malaminsa. A can za ka tarar da masu cewa kekunan cajin nan yayi ne, ba za su yi ƙarko ba, ku da kuka zo koyo ɓata lokaci kuke yi. Ka tambaye su ko sun taɓa kwance ɗaya da hannunsu. In ba su taɓa ba, ka gaishe su da kyau ka wuce abinka.

Ka tuna lokacin da na tafi garin Yana barka, da 'yar ƙanwata Yalwa ta haihu? Haihuwar gaskiya ce, amma ba ita ta kai ni ba. Yalwa ce ta aiko cewa wani mai maganin ido ya sauka a garin, irin masu yawo ƙauye-ƙauye da jakar fata, suna soka siririn ƙarfe a gefen ido su ture yanar ta faɗa can ciki. Irinsu ne suka yi wa goggonmu muna yara, ta kuma ci gaba da gane mutane har ta koma ga Allah. Na ce yauwa, wannan shi ne namu, na iyaye da kakanni, ba na'ura ba faranti.

A zauren wani gida ya zaunar da ni a tabarma, mata biyu suka riƙe min kai. Zafin ba zan ba ka labarinsa ba. Da ya gama ya ɗaga hannu ya ce, "Hajiya, yatsu nawa?" Na gani, na faɗa. Na waiwaya na hango jan zanen Yalwa, ita kuwa ta rangaɗa guɗa. Ya ce yau na hagu kawai zai yi, na dama sai ya sake zagayowa. Na roƙe shi ya haɗa duka biyun a huta, ya ƙi, wai yana sauri ya kama kasuwar wani gari. Ka ga ta inda Allah ya rufa min asiri, da gaggawar mutumin nan da rashin cika alkawarinsa, don har yau bai zagayo ba.

Ba a jima ba idon ya yi ja ya kumbura, kaina kamar ana daka a ciki. Na dawo gida da ƙyalle a fuska na ce muku ciwon idon nan na afolo ake yi a Yana. Kuka ce a tafi asibiti, na ƙi ƙememe, har na yi maka faɗa na ce so kake a kashe ni. Ba mutuwa nake tsoro ba. Na san likita na dubawa zai gane an taɓa idon, ya faɗa a gabanku, ku san uwarku mai yi wa kowa faɗa ta je ta miƙa idonta ga mutumin da ko sunansa ba ta sani ba. Na zaɓi ciwo a kan kunya, kafin damina ta fita idon hagu ya mutu murus.

Sabo da abu ba shi ne amincinsa ba, wannan na koya da tsada. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne ɓoyewar. Likita ta gaya min daga baya cewa da na zo tun idon yana ja, da wataƙila an ceto wani abu. Saboda haka ranar da ka jona waya inda ba nan ba, ko ka ƙona musu wani abu, kuma za ka yi, kowane ɗan koyo yana yi, ka buɗe baki ka faɗa nan take tun ana iya gyarawa. Kada ka tsaya tuna cewa a Azare ana ce maka oga.

Saura na dama, shi ma yanar tana ta rufe shi a hankali. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na rantse babu mai sake taɓa min ido, na gargajiya ko na asibiti. Duk wanda ya yi min magana sai in ce ƙaddara ce, har in ɗora masa wa'azi a kai. Na sani a raina ba tawakkali ba ne, tsoro ne na naɗa masa rawani. Na koyi dabarun makafi ba tare da na yarda na kusa zama ɗaya ba. Ina gane ku da takunku, ina gane miya da ƙamshinta, ina bin bango kamar mai duba ko ya tsage. Hula kuwa na ci gaba da ɗinka ta da lalube, in dillali ya ce zare ya haura layi in ce masa sabon yayi ne, shi ne bai waye ba.

Wadda ta kama ni ita ce Maman Chika, Ibon nan mai sayar da zare a kasuwa, wadda ta zo garin nan tun kafin a haife ka. Na je na ce ta ba ni irin na rannan, don na daina kiran launi da suna. Ta ɗora min ƙulli biyu a hannu ta ce, "Hajiya, wanne kike so, ja ko shuɗi?"

Na juya su na yi kamar ina nazari, na ɗaga ɗaya na ce, "Shuɗin nan ya fi haske."

Ta ce, "Duka biyun ja ne."

Na so ƙasa ta buɗe in shige. Na fara kame-kame, wai rana ce ta kashe min ido. Ta jawo min kujera ta ce, "Zauna, ni ba 'yarki ba ce balle ki yi min faɗa. Kin ga idon nan nawa? An yi min aiki bara. Akwai gilashinsu a ciki yanzu haka, kuma da shi nake kallon ki kina ƙarya." Na yi dariya, daga dariyar sai hawaye. A nan cikin zare da maɓallai na gaya mata labarin Yana, ita ce mutum ta farko da ta ji shi daga bakina. Ba ta ce min in je a yi aiki ba. Cewa ta yi, "Mu je ki ga wurin kawai. Ba a kama mutum a ɗaure shi. In bai yi miki ba ki dawo ki ci gaba da sayen ja a matsayin shuɗi, ni riba zan ci."

To ranar da na ce ka kai ni asibiti in duba wata mara lafiya, ka sauke ni a bakin ƙofa ka koma gareji, babu wata mara lafiya sai ni. Maman Chika ta rufe shagonta tana jira na.

A kan benci na zauna kusa da wata dattijuwa Bafulatana daga rugar da ke bayan Bulkachuwa. Na tambaye ta ko ita ma tsoro take ji. Ta ce, "Tsoron me? An yi min ɗaya, na biyun na kawo. Da ba na bambance shanunmu da na maƙwabta, yanzu daga nesa nake gane wadda take ɗingishi." Tana magana kamar wadda ta dawo kasuwa sayen abin da ta ɗanɗana ya yi mata daɗi. Na ji ƙarfin gwiwa, sai dai ni da ita ba ɗaya ba ne. Ita tana da na biyu da za ta kawo. Ni kuwa wanda nake riƙe da shi shi kaɗai ne, in ya tafi shi ke nan, sai a nemo min ɗan jagora.

Likitar yarinya ce, daga muryarta na san ba ta kai ka ba. Ta sa na ɗora haɓa a kan wani ƙarfe ta haska min fitila. Tana duba na hagu ta ce, "Mama, an taɓa wannan." Na ce an taɓa. Ba ta ƙara komai ba, abin da na shekara ina gudu ya wuce a magana biyu. Daga nan bakina ya buɗe. Na ce, "Likita, da gaske ne kuna cire idon ku sa a faranti?" Na ji ma'aikaciyar da ke gefe ta shaƙe da tari, amma ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Idonki yana nan inda Allah ya ajiye shi, Mama. 'Yar ƙofa muke yi a gefe mu fitar da yanar, mu sa wannan a gurbinta." Ta ɗora min samfurin gilashin a tafin hannu na shafa, bai kai ƙwayar wake ba. Na ce to in an yi kuskure fa? Ta ce, "Ba zan ce miki babu haɗari ba, musamman da yake shi kaɗai ya rage. Amma in an bar shi rufewa zai yi gaba ɗaya, wannan kam babu shakka." Mutumin Yana bai taɓa ce min akwai haɗari ba, alkawari kawai ya yi ta zubawa. A nan na ji na yarda da ita.

Ka yi tambaya, Auta, har irin wadda za ta sa na gefe tari. Matambayi ba ya ɓata. Kuma cikin masu koya maka ka fi riƙe wanda yake gaya maka inda abin yake da matsala, don wanda ya ce sabon abu ba shi da aibi ko kaɗan talla yake yi. Ni ma ban ce duk sabon abu alheri ba ne. Har gobe furar da aka daka a turmi ta fi min ta inji, kuma kada wanda ya zo min da gardama a kan wannan.

Da aka sa rana na dawo gida na gaya muku na yarda a yi aikin, kai har ka tambayi Hadiza ko lafiyata ƙalau. Amma yarda da baki daban, shirya zuciya daban. Maman Chika ta ce min ba a sa mutum barci, allura ake yi a kashe zafin idon, abin da ya fi wuya shi ne ka kwanta rigingine an rufe maka fuska da ƙyalle, ba motsi ba magana. Ni kuwa ka san ni, rabona da yin shiru tun ina cikin zanen goyo. Sai na ce bari in gwada tun a gida. Kullum bayan azahar in shimfiɗa tabarma, in miƙe sambal, in ja farin mayafi in rufe har fuska, in riƙa kawo komai a raina: ga fitila, ga ƙarar na'ura, ga hannun likita a goshina. Da fari ba na jimawa sai in yaye mayafin in tashi zaune. A hankali na iya daɗewa ina jan salati a zuci.

Wata rana ina cikin haka Hadiza ta shigo kawo min kunu. Ta gan ni miƙe a lulluɓe da fari, ba motsi. Ta saki kwanon ta ɗora hannu a ka tana "Innalillahi, Inna ta tafi!" Ni kuma na riga na yi niyyar ba zan motsa ba sai na kai ƙarshen salatina, sai na ce mata daga ƙarƙashin mayafi, "Ban tafi ba, aiki ake min." Yarinyar nan ta kwasa a guje har takalmi ta bari. Na roƙe ta kada ta gaya maka, ta kuma riƙe amana, Allah ya yi mata albarka. Ka tambaye ta, amma ka bari sai ta haɗiye abin da ke bakinta.

Ka yi dariya, amma abin ya yi min rana. Da aka kwantar da ni a gadon aiki aka ja ƙyallen, sai na ji kamar na taɓa zuwa wurin. Ga haske, ga ruwa mai sanyi yana bin gefen fuskata, ga likita tana cewa, "Mama, kina ƙoƙari." Tsoron ya zo, sai dai ya tarar na riga na san fuskarsa. Kai ma ka yi haka. Tun kafin ka shiga wurin koyon, ka zauna kai kaɗai ka kawo a ranka yaro ƙarami yana ce maka "ba haka ake yi ba" a gaban mutane. Ka ji zafin tun a ɗaki, ka haɗiye shi, ka gwada faɗin "ban sani ba, nuna min" har bakinka ya saba. Gemu ba ya hana ilimi, balle naka da bai gama cika ba.

Washegari aka cire bandejin, kana tsaye a wurin. Ka ga na yi shiru ka ɗauka aikin bai yi ba. Kallon ka nake yi. Na bar ka saurayi, sai ga furfura a gefen kunnenka, ga hannuwa duk baƙin mai ya zauna a cikin farce, hannuwan da suke ciyar da mu. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda ban san ina ɗauke da shi ba sai da ya tafi. Da muka dawo gida na ga yanar gizo a kusurwar ɗakina, na ga hulunan da na ɗinka da lalube, na ce lallai dillalin nan mutumin kirki ne. Ranar da likita ta ba ni izinin komawa ɗinki, na zura zare a allura a karo ɗaya, na zare shi na sake zurawa don daɗi kawai.

Akwai abin da ba ka ji ba, don ka fita karɓo magani. Da daɗi ya ɗebe ni na ce wa likita, "To saura na hagun, yaushe za a yi shi?" Ta sake haska shi, ta daɗe tana dubawa, sannan ta kashe fitilar ta riƙe hannuna. Ta ce, "Wannan kam sai haƙuri, Mama. Da ya zo mana yadda na daman ya zo, aiki iri ɗaya ne." Ban yi kuka ba, don wanda aka ba rabi bayan ya zubar da duka godiya ce tasa. Amma kullum in na tsaya gaban madubi, idon da aka gyara shi yake nuna min wanda na kashe.

Allah ido biyu ya ba ni, shi ya sa na yi gardama da ɗaya na tsira da ɗaya. Kai sana'a ɗaya gare ka, Nasiru, da ita Hadiza da yara suke ci, da ita nake ci. Ba ka da ta biyu da za ka yi gardama da ita. Ranar da zuciya ta ce maka ka tattara ka dawo garejinka inda ake ce maka oga, ka tuna fuskata, ka dubi ɓangaren hagu.

Allah ya buɗe maka kai, ya sanyaya maka zuciya, ya ba ka malamai masu haƙuri da ɗalibi mai gardama. Ya tsare ka a kwance da a tsaye, ya kiyaye hannunka daga wutar da za ka riƙa taɓawa. Ka riƙe salla, ka ci abinci a kan lokaci, ka gaida mai masaukinka. Allah ya dawo min da kai lafiya in gan ka tun daga bakin layi.

Ni ce mahaifiyarka,
Inna Dije